Shekarar da Baba Ya Ga Wasana

Rannan Nura ya zo gaishe ni, ya miƙo mini wayarsa ya ce in ga irin wasana da Turawa ke yi a kan ƙanƙara. Na sa tabarau na duba. Mutane ne sun sha sulke kamar za su yaƙi, suna sulɓi a kan takalma masu kaifi, suna bin wani ɗan baƙin faifai da sanduna. Ya nuna mini ɗaya daga cikinsu, ya ce wannan ya yi wa ƙungiyoyi da yawa wasa, babu inda ya daɗe, babu kuma inda ya yi suna. Na ce masa to wannan ɗan'uwana ne ko da ban san yarensa ba. Namu hokin a kan jar ƙasa muka yi shi, da ciyawa in an dace, amma rayuwar iri ɗaya ce. Daga nan hira ta gangaro da mu kan maganar da na san kuna ji tun kuna ƙanana, wai mahaifiyarku ce ta zuga ni na bar kakanku yana makancewa na tafi buga ƙwallo. Gwaggonku Asabe ce ta fara faɗa, aka yi ta maimaitawa har maganar ta zauna. Mahaifiyarku ba ta taɓa kare kanta ba har ta koma ga Mahaliccinta. Yanzu ni kaɗai na rage da ya san yadda aka yi, kuma ba na so in tafi da shi.

A makarantar horon malamai na fara riƙe sandar hoki. Muna da wani malami Ba'indiye mai rawani, lissafi yake koyarwa, amma da la'asar sai ya fito da buhun sanduna masu lanƙwasasshen kai ya zube a fili. Yawancin yara ƙwallon ƙafa suke rugawa. Ni ban iya ta ba, sai na bi Ba'indiye. Ƙwallon hoki ba ta wuce lemo girma ba, amma tauri gare ta kamar dutse, in ta same ka a ƙwauri sai hawaye ya zo maka ba ka shirya ba. Mutumin nan bai ɓoye mini komai ba tun farko.

"Haruna, ba ka da gudu, ba ka kuma da gwaninta," in ji shi. "Amma ba ka kauce wa ƙwallo. Ka tsaya a baya, za a riƙa nemanka."

Haka kuwa aka yi. A zamanin nan kamfanoni da ma'aikatu ne ke riƙe da ƙungiyoyin wasa. Su ɗauke ka aiki da suna, su ba ka ɗaki, aikinka na gaskiya kuwa yana fili. A Kaduna na zama akawun sito a wata masaƙa. A Jos aka ce ni mai duba mita ne. A Ibadan sunana yana cikin masu gadi, ko da yake ban taɓa riƙe tocila ba. Na zauna Inugu, na zauna Fatakwal, na dawo Kano. Babu ƙungiyar da ta taɓa nemana da farko. Sai ɗan bayansu ya karye, ko wata ƙungiya ta sace shi, sannan a ce a nemo Bahaushen nan na Daura. In yi musu shekara ɗaya ko biyu, sai wani yaro mai zafin gudu ya taso, koci ya kira ni gefe yana sosa ƙeya, tun kafin ya buɗe baki na san in je in ɗaure kaya. Ban taɓa riƙe kowa a zuciya ba. Ɗan cike gurbi ne ni, na san matsayina, kuma ina son wasan fiye da yadda zan iya bayyana muku. Har yau in na ji warin man da muke shafa wa sanduna don kada su tsage, sai in ga kaina a bayan mota, mu goma sha, Inyamurai da Yarbawa da Tibi da Birom, ana kiɗa da sanduna a jikin kujera, ana waƙar da babu mai jin rabinta. Kwano ɗaya muke ci. In lokacin salla ya yi a tsakiyar atisaye, su tsaya su jira ni, wani ma ya riƙe mini buta. A cikinsu babu kamar Bitrus, mai tsaron gida, mutumin Filato, gajere mai faɗin ƙirji. A Jos muka haɗu, muka rabu, muka sake haɗuwa a Ibadan, muka kuma rabu. Ɗan baya da mai tsaron gida kamar maƙwabta ne masu katanga ɗaya. Ko ban waiga ba na san inda yake tsaye.

Wadda ta ɗauki nauyin wannan yawo ita ce Rabi, mahaifiyarku. Ku duba kanku: Sani a Kaduna aka haife shi, Bilki a Jos, Nura a Ibadan. Akwatinta na ƙarfe bai taɓa zama babu kaya a ciki ba, don ta san ba mu daɗewa. Ta iya ciniki da Yarbanci har 'yan kasuwa na yi mata dariya. Duk inda muka sauka, kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya daga Daura take sa a aiko mata, ta ce ba za ku tashi ba ku san miyar gidanku ba.

Shekarar da nake son ba ku labari, ba a daɗe da ba mu jiharmu ba. Abubuwa biyu suka faɗo mini kusan tare. Yayana Lawal, wanda shi ne hannun daman Baba a kasuwa, ya kwanta ciwo na ɗan lokaci ya rasu. Ba a jima ba kamfanin da nake wa wasa a Kano ya tara mu ya ce ba zai iya ci gaba da riƙe ƙungiya ba. Na riga na haura talatin. Na ce wa Rabi mu tafi gida, ta dube ni ta ce wane gidan, na ce Daura. Ranar na ji tana 'yar waƙa tana haɗa kaya.

Mun iso da ruwan shuka. Na tarar da Baba ya rame, kuma idonsa ya yi nisa fiye da yadda ake gaya mini. An kai shi asibiti a Kano, likitoci suka ce irin ciwon da ba ya aikatuwa ne, sai dai magani ya rage masa gudu. Gefe da gefe duk ya rufe, abin da ke gabansa tsaf kawai yake gani, kamar mai leƙe ta kafar ƙofa. Ku da ba ku san shi da ƙarfinsa ba, Malam Idi dillalin shanu ne da aka sani tun daga Daura har cikin Nijar. Ranar Lahadi a karar Mai'adua, Fulani da Buzaye kan tsaya da dabbobinsu su ƙi sayarwa sai ya zo. In ya zagaya sa sau ɗaya, ya sa aka ja shi ya yi taku kaɗan, zai gaya maka shekarunsa da abin da ya ci da ciwon da ya taɓa yi. Na fara bin sa kasuwa ina riƙe masa jaka. Ban san komai ba. Ina tsaye kamar baƙo ana magana da hannu a ƙarƙashin riga, ana sallamawa, ni ban ma gane an fara ciniki ba. Sauran ranaku kuma ina gonarmu ta hanyar Zango. Hannun da ya saba da sanda ya koma fartanya, ya yi kanta a wani sabon wuri. Inna ta samu abin da take so. Kullum da safe sai ta aiko mini da kunu da kanta, ta tsaya a ƙofar ɗaki tana kallona ina sha, kamar mai tsoron in ta juya zan ɓace. Rabi kuwa ta fito da kwanukan aurenta da suka shekara da shekaru a cikin kwali, ta jera su a bango. Na shigo na gan su, na gane abin da take nufi.

Gero ya fara fitar da kai sai ga Bitrus. Motar haya ta sauke shi a tasha, ya yi ta tambaya har aka kawo shi ƙofar gidanmu, yana saɓe da ƙatuwar jakarsa ta kayan tsaron gida. Baba ya karɓe shi a zaure, Inna ta dama masa fura. Bayan ya huta muka zauna a dakalin ƙofar gida, ya faɗi abin da ya kawo shi. Yana tare da wata ƙungiya a Legas, sun ci gasar ƙasa, za su je Masar su kara da ƙungiyoyin wasu ƙasashe. Suna neman ɗan baya mai natsuwa, ya ba da sunana, koci ya yarda.

"Wata nawa?" na tambaye shi.

"Daga yanzu har bayan kaka. Atisaye a Legas, sannan jirgi."

"Bitrus, ka ga gidan nan. Ka ga tsohon."

"Na gani. Ban zo in raba ka da shi ba. Amma da na ba da sunan wani ban zo na gaya maka ba, da ban kyauta ba. Duk yawon nan da muka yi, ba ka taɓa taka waje da ƙasar nan ba."

"Ka gaishe da koci. Ka ce na gode, na ajiye."

Da gaske nake, ku sani. Abin ya yi mini ciwo, amma na gama yanke shawara. Ashe Baba yana kishingiɗe a zaure, kuma tun da idonsa ya ja baya kunnensa ya ƙara kaifi. Ya yi gyaran murya ya kira mu.

"Wannan abin da ya raba ni da kai shekara da shekaru, ban taɓa ganinsa ba," ya ce. "Lawal ya gani a Kano, ya ce mini kamar ana korar kaza da sanda. Ina so in gani da kaina kafin ƙofar ta rufe."

Na ɗauka wasa yake yi. Ba wasa ba ne. Washegari muka bazama neman tsofaffin abokan makaranta da suka taɓa riƙe sanda. Muka samo wani malamin firamare, da tela, da ɗan sanda, da wasu da tumbi ya riga ya fito musu. A siton wata makarantar sakandare muka tarar da sanduna da gara ta fara taɓawa. Muka share filin, muka kafa duwatsu a madadin raga. Da la'asar na ɗauko Baba a kan keke, na shimfiɗa masa buzu a gindin darbejiya dab da bakin fili. Bitrus ya sa kayansa, mutane suka taru suna dariya, don ba su taɓa ganin mutum ya ɗaure katifa a ƙafa ba. Wasan ba wani wasa ba ne. Tela ya faɗi ya fi a ƙirga, ɗan sanda ya fasa wa malami leɓe. Amma ni na buga kamar ina gaban dubban mutane. Duk lokacin da na waiga sai in ga Baba ya miƙa wuya, yana juya kansa gaba ɗaya yana bi na, don idon ba ya iya bi na shi kaɗai. Ba ƙwallon yake kallo ba. Ni yake kallo.

Da aka tashi ya ce ba zai hau keke ba, mu taka. Bitrus ya tura keken ya yi gaba. Muka biyo hanya a hankali, hannun Baba a kafaɗata, garken awaki na shigowa gari.

"In za ka juya hagu, sai ka ɗage ƙafar ka dogara da ta dama," ya ce. "Tun yaushe?"

Gwiwata ta hagu ta fi shekara biyu tana damuna, kuma ban gaya wa kowa ba, ko Rabi, ko Bitrus. Ɗan wasa irina in aka san yana da rauni, ya gama samun wuri.

"Ta ɗan jima, Baba."

"Da sa ne kai aka kawo mini, da na ce damina ɗaya ta rage masa a garma. Irin wannan mai hankali ba ya ɗaure shi a turke ya tsufa a banza. Gonar da ta fi kowace yake kai shi ya gama ƙarfinsa a can."

"Baba, idonka fa? Ga kasuwa, ga gona."

"Idona ko ka zauna ko ka tafi, tafiya zai yi, ba kai ke riƙe da shi ba. Kasuwa kuwa ba ka iya ba, kada mu yaudari juna. Na ga fuskarka a karar Mai'adua, na kuma ga fuskarka yau. Ban san kana da irin wannan fuskar ba." Ya ɗan matsa kafaɗata. "Ka bi abokinka. In ka dawo ka zauna gaba ɗaya."

Da safe ya tara gidan a tsakar gida ya faɗa da bakinsa, a gaban Inna, da Yaya Asabe wadda ta zo daga gidanta, da Rabi. Ya ce shi ya umarce ni, kada wanda ya ɗora wa wani. Inna tana tankaɗe, ta ajiye rariya.

"Malam, na binne ɗaya bana," ta ce. "Ɗayan kuma ka miƙa wa ƙwallo da hannunka."

"Aro na ba da, zai dawo."

"Ya dawo ya tarar da wa?"

Yaya Asabe ta juya kan Rabi, ta ce ai dama wadda ta saba da birni ba za ta iya zaman Daura ba, ita ce ke hura wuta a ɗaki. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Ba za su iya fushi da tsoho mai ciwon ido ba, ni kuma ɗansu ne, sai suka sami mai sauƙin ɗauka. Ga abin da mahaifiyarku ta ce mini da muka shiga ɗaki, kuma shi ke nan abin da ta ce a kan tafiyar nan daga farko har ƙarshe:

"Malam, ni na sauke akwatina, ba na kuma ɗaurewa. Da za a bi son raina, ba za ka je ba. Amma tunda Baba ya ce ka je, ka je. Ni da yara muna nan, zan kula da shi."

Ta kuwa kula da shi. Ita ke ɗiga masa magani, ita ta ɗaura igiya daga ƙofar ɗakinsa zuwa bayan gida don ya riƙa bi ba sai an ja shi ba. Kai Sani kana iya tunawa da igiyar nan, don ka sha lilo a jikinta ana korar ka. Tana wannan hidima ana jifan ta da habaici a tsakar gida ɗaya.

Ranar tafiya na durƙusa gaban Baba. Ya kama fuskata da hannu biyu ya matso da ita daidai inda yake gani, ya daɗe yana kallo, sannan ya sake ni ya yi mini addu'a. Inna ta amsa sallamata daga cikin ɗaki, ba ta fito ba.

A Legas ni ne mafi tsufa a ƙungiyar, yaran suna ce mini Baba Daura. Na ɗaure gwiwa da bandeji a ƙarƙashin safa na yi ta atisaye, in na koma masauki in gasa ta da ruwan zafi. Sannan muka hau jirgi. A Masar na fara taka filin ciyawar roba, wanda ake jiƙa shi da ruwa kafin wasa. A kan jar ƙasarmu ƙwallo tsalle take yi, sai ka yi ta lallashinta. A can kuwa tafiya take kamar an ja zare, da gudun da ban taɓa gani ba. Na tsuguna na shafa filin da hannu, na ce ashe haka wasan yake, mu duk shekarun nan wani abu muke yi mai kama da shi. Wasannin farko a benci na yi su, kamar yadda na saba. Sai ranar da za mu kara da masu masaukin baƙi, ɗan bayanmu ya tashi da zazzaɓi. Koci ya dube ni, bai sosa ƙeya ba wannan karon, ya ce in shirya.

Ban taɓa yin wasa kamar na ranar nan ba, kafinta ko bayanta. Sun fi mu gudu, sun fi mu gwaninta, filinsu ne, jama'arsu ce. Amma duk inda suka biyo sai su tarar da ni na riga su isa, don abin da ƙafa ta rasa shekaru sun ba ni. Ana cikin haka aka ba su bugun kusurwa. Ni da Bitrus muka tsaya a bakin raga. Mai bugunsu wani dogo ne da kowa ke tsoro. Ya sake ta, Bitrus ya faɗi dama, ƙwallon ta yi hagu daidai tsayin gwiwa, na sa sanda na tare ta a kan layi. Ƙarar da ta yi har yau tana kunnena, hannuna ya mutu har kafaɗa. Filin ya yi tsit, sannan mutanen da ba su san sunana ba, ba su san inda Daura take ba, suka tafa mini. Bitrus ya tashi ya buga mini kai da ƙatuwar safar hannunsa. Duk da haka sun ci mu da ɗaya kafin a tashi. A wasa na gaba, ana dab da hutun rabin lokaci, na juya hagu, na ji wani abu ya tsinke a gwiwar. A kan gadon ɗaukar marasa lafiya aka fitar da ni. Ban sake buga wasa ba.

Na iso Daura an gama girbi, an ɗaure dammuna, ina dogara sanda. Na yi sallama a zaure, Baba ya amsa, ya juyo da fuskarsa, amma ba daidai inda nake ba. Idon ya rufe tun ina Legas, ya hana a aiko mini. Matsayinsa a kara kuma ya miƙa wa Isuhu ɗan Baffana, don masu dabbobi ba sa jiran kowa, kuma Isuhu ya iya. Wurin da kakanmu ya kafa, Baba ya gada, ya fita daga ɗakinmu ke nan. 'Ya'yan Isuhu ne a kai yanzu, kun san su, kun ga gidajensu. Ban taɓa jin haushinsu ba, amma ba zan ce muku ban taɓa lissafa abin da tafiyar nan ta ci ba. Na zauna kusa da Baba, ya laluba ya kama gwiwar, ya matsa nan ya matsa can.

"Ta kai ka?" ya ce.

"Ta kai ni, Baba."

"To faɗa mini. Kada ka tsallake komai."

Na ba shi labari tun daga hawa jirgi. Da na zo kan ƙwallon da na tare sai ya sa na maimaita, ya tambayi tsayin mutumin, ya tambayi inda Bitrus ya faɗi. Da na ce an ci mu, ya yi dariya har da tari, ya ce ai ba kullum ake sallama ciniki ba. Daga baya duk wanda ya zo gaishe shi sai ya sa ni in sake faɗa, har abokansa suka haddace, suna gyara mini in na yi kuskure.

Da takardata ta malanta na samu aikin koyar da wasanni a wata makaranta a hanyar Zango, a nan na yi har ritaya. Na koya wa yara hoki iyakar ƙarfina. Sanduna suka yi ta karyewa ba a sayo wasu, har aka wayi gari babu ko ɗaya, filin ma aka yi azuzuwa a kai. Bitrus ya zama koci, muna gaisawa har ya rasu, na je ta'aziyya garinsu da gurguwar ƙafata. Yaya Asabe da Rabi sun shirya daga baya, har Yaya Asabe ce ta yi wa Rabi wanka da ta rasu, amma ba ta taɓa janye maganarta ba. Kada ku riƙe ta. Ƙaninta take so a gida, ba wani abu ba. Ku dai ku san gaskiya game da mahaifiyarku.

Inna ce ta fi daɗewa ba ta huce ba. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta fasa aiko mini da kunu ba, amma aikowa take yi, ba ta kuma kawowa da kanta. In Baba ya sa ni labarin Masar, sai ta tashi ta shiga madafa. Ba ta taɓa tambayata komai game da tafiyar ba, ko da kalma ɗaya, har Baba ya yi shekarunsa a cikin duhu ya rasu a hannuna, har ta gama takaba. Wata safiya bayan nan na shiga gaishe ta, na same ta a bakin ɗaki tana ɓarar gyaɗa. Na zauna na ja tiren ina taya ta.

"Haruna," ta ce, ba ta ɗago ba. "Can ɗin da ka je. Wai da gaske kogin da aka saka Annabi Musa a cikin akwati yana nan?"

"Yana nan, Inna. Ta tsakiyar birnin ya ratsa."

"Ka gan shi da idonka?"

"Na gan shi. Har na sauka bakinsa na sa hannu a ciki."

Ta ajiye gyaɗar da ke hannunta, ta kakkaɓe zaninta, ta gyara zama ta fuskance ni.

"Yaya faɗinsa?" ta ce.